Kwanon Ciyayya a Bayan Kebbe

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a mota: ni, da direbanmu, da mutumin da ke kula da manhajar da muke aiki da ita. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɓangaren abinci mai gina jiki, kuma bana an sa ni cikin wani bincike kan abin da mata masu juna biyu da ƙananan yara ke ci a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Tafiyar nan ba ta shan iska ba ce. Gida ɗaya tal muka fita nema.

Bari in fara da manhajar, domin har yau ba ta daina ba ni mamaki ba. Lokacin da na fara aiki, da takarda da biro muke shiga gida-gida. Ka tambayi mace me ta ci jiya, ta ce tuwo. Kamar yaya yawansa? Ta ce daidai cikinta. Ka rubuta, ka dawo ofis da buhun takardu, ka yi wata da watanni kana lissafi har idonka ya yi ja, kafin ka gama damina ta wuce, yaran da ka je dominsu wasu sun warke, wasu an kai su makwanci. Yanzu waya ce a hannun ma'aikaciya. Mace ta ce tuwo, sai hotunan malmala su fito, ƙarama da matsakaiciya da babba, ta nuna da yatsa. Ta ce kunu, ga ludayi, ga moɗa, ga kofi. Kuma ba ta barinka ka wuce da sauri. Sai ta tambaya ko an sa mai a miyar, ko an sa daddawa, ko tsakanin karin kumallo da abincin rana ba a ɗan taɓa gyaɗa ko rogo ba. Kafin ka naɗe tabarma ta haɗa lissafin abin da ya shiga jiki na gina jiki da na ƙarin jini, ta nuna maka kore, ko ɗorawa, ko ja. Ba ruwanta da sabis, tana ajiye komai sai an shigo gari ta tura. Abin da ya fi burge ni, da yake yawancin matan ba su yi boko ba, tana karanta kowace amsa a bayyane da Hausa, mace ta ji da kunnenta, in ta yarda ta dangwala yatsa. Ranar da na fara ganin haka, wallahi sai na ce ashe zan ga wannan zamani da idona.

To, ita manhajar ce ta tayar da mu. Cikin tarin gidajen da aka shiga, ta tsamo guda ɗaya a wani ƙauye a yankin Fakku ta ce bayanansa sun ci karo da juna. Matar gidan tana da tsohon ciki da 'yar yarinya da ba ta daɗe da barin nono ba. Duk zuwan da ma'aikaciyarmu ta yi, amsar ita ce jiya ba a hura wuta a gidan ba, amma yarinya ta ci tuwon dawa da miyar kuka, ta sha fura, wata rana har da kifi, kuma an rubuta cewa abincin gida ne. Gidan da ba a hura wuta ba ya ba da tuwo? Manhaja ta ce ba ta yarda ba. Dokar binciken kuwa ita ce duk bayanin da ya ci karo, in ba a gyara shi kafin a rufe a ƙarshen mako ba, cire gidan ake yi. Kuma gidajen da ke cikin binciken ne kawai ake ba garin kunu mai ƙarin sinadarai har zuwa kaka. Wato in muka gaza, mace mai tsohon ciki za ta rasa rabonta a daidai lokacin da rumbuna suka yi wayam.

Hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal ba laifi. Marka ce, ƙasa ta yi kore shar har iyakar ganinka, gero ya fi mutum tsayi, dawa tana biye da shi. Ni da na saba ganin yankin nan da rani, fayau, sai na kasa ɗauke ido daga taga. A Dogon Daji muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya tsawwala, na yi ƙorafi, ya ce in je in tambayi mai sukari. A gefensa wata dattijuwa tana sayar da hoce mai zafi, wato gasasshen ƙullin dawa, na saya da ƙuli-ƙuli. Mai kula da manhaja ya ci ɗaya, ya ci biyu, sannan ya amsa laifinsa da bakinsa cewa sa'ad da aka kawo manhajar ba ta san hoce ba, sai da ya zauna da mata suka auna dawar da ke shiga guda ɗaya ya koya mata. Na ce to Allah ya sa ta fi ka riƙe amana, kai da ka cinye nawa.

Daga Tambuwal muka saki babbar hanya muka nufi Kebbe. Nan tafiya ta sake salo. Kwalta nan, ramuka can, ruwa ya kwanta a wasu wuraren har ba ka sanin zurfinsu sai tayar mota ta gaya maka. Direbanmu mutum ne mai yawan addu'a da ƙarancin magana, abu ɗaya ya kafa mana tun daga gida, ba zai yi tuƙi a wannan yanki bayan la'asar ba, kowa ya san dalili. A Kebbe muka ɗauki ma'aikaciyarmu da ta shiga gidan tun farko. 'Yar garin ce, mai natsuwa, kuma na ga alama abin ya dame ta, tana tsoron a ce ita ta ƙirƙiri amsoshin. Ta ce mini matar ta ce abincin na ciyayya ne. Ciyayya kuwa kowa ya sani, ka zuba na gidanka ka aika maƙwabta, su ma su zubo nasu su aiko maka. Manhajar tana da zaɓi uku kacal kan inda abinci ya fito: an dafa a gida, an saya, ko taimako ne. Tunda a ciyayya abin da ka bayar shi ke dawo maka, sai aka koya wa ma'aikata su danna na gida. Na ce to ita da ba ta hura wuta, me take aikawa? Ta sunkuyar da kai ta ce ta ji nauyin tambaya.

A kasuwar bakin hanya na sayi busasshen kifi da ƙwai, da niyyar kai wa yarana tsaraba. Muka ci gaba har inda wani rafi ya cika ya hana mota wucewa. Direba ya zauna da motarsa a garin da ke bakin rafin, mu kuma aka tsallakar da mu muka hau babura. Mai kula da manhaja ya naɗe kwamfutarsa cikin leda kusan biyar ya rungume ta kamar jaririya. Fadamun shinkafa suna sheƙi hagu da dama, balbelu fari fat a kansu, shanun Fulani suna ratsa ruwa har wuya ba ko gezau. Na yi ta tasbihi a bayan babur, rabi don kyan ƙasar, rabi don santsin hanya.

Mun isa ƙauyen rana ta take. Muka gaida mai gari, aka sauke mu a ɗan ƙaramin asibitin garin, mai kula da manhaja ya zauna can tunda namiji ba ya shiga gidan matar aure, ni da ma'aikaciyarmu muka nufi gidan. Ba zan faɗi sunan matar ba, ba zan faɗi na ƙauyen ba, za ku ga dalili. Gida ne mai ɗaki ɗaya da rumfa, an share shi tas har ana ganin sawun tsintsiya. Danga ta kara ce ta raba shi da na maƙwabta. Matar doguwa ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, ta tare mu da fara'a da ruwa a moɗa. Mijinta ya tafi kudu neman kuɗi tun bayan da ruwa ya ci shinkafarsu bara, kuma an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Yarinyar tana ta tsalle a tsakar gida. Na ɗaura mata tef ɗin awon damtse, kore. Na duba idon uwar, cikin fatar idon fari sol. Na saci kallon murhu, toka ta daɗe da hucewa har ruwan sama ya daddale ta.

Na buɗe waya muka sake bin tambayoyin. An hura wuta jiya? Ta ce itace ya jiƙe. Yarinya ta ci me? Ta lissafa, ta nuna malmala matsakaiciya. Da muka zo kan inda abincin ya fito, ni a raina na riga na yanke hukunci, na danna taimako. Ina ganin na yi dabara, domin wannan zaɓi ma shi zai sa ta a sahun gaba. Sai muryar manhajar ta tashi a tsakar gidan, rangaɗau, ta ce abincin da yarinya ta ci na taimako ne, in haka ne a dangwala yatsa.

Matar ta janye hannunta ta sa cikin zane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, ba a taɓa ba ni sadaka ba. Kwanona na fita kullum kamar na kowa. In sai wagga waya ta ce sadaka, to a cire sunana."

Na yi lallashi, na yi bayani, na ce kalma ce kawai, ba wanda zai ji. Ta dubi dangar, ni ma na duba. Kara ne, ko tari ka yi an ji. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da kaina da kuma wayar. Na zo daga Sakkwato in gyara, ga shi na kusa ɓata gaba ɗaya, manhajar kuwa ba ta ajiye amsar da mai ita ba ta dangwala wa yatsa ba. Muka yi sallar la'asar a nan, muka zauna ana hirar duniya, ina neman ta inda zan sake ɓullowa.

Rana ta yi sanyi, hayaƙi ya fara tashi daga gidajen maƙwabta, sai matar ta shiga ɗaki ta fito da kwanon ci mai murfi, an goge shi yana ƙyalli, ta ɗora faifai a kai. Ta yunƙura za ta nufi danga, na ga cikin ya yi mata nauyi, na miƙe na ce kawo in miƙa miki. Ta sakar mini. Na sa ƙarfi na ɗauka irin ɗaukar kwanon tuwo, saura kaɗan ya kuɓuce mini sama. Babu komai a ciki. Ko ɗumi babu.

Ban juya na dube ta ba, Allah ya taimake ni. Na taka zuwa inda aka ɗan buɗe dangar, wata tsohuwa tana tsaye a ɗaya gefen tana jira. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɗan ranƙwafa kamar nauyi ya rinjaye ta, ta ɗaga murya yadda duk gidajen za su ji: "Kai, ɗiyata, yau ma kin sha wuta. Allah shi amfana." Ba a jima ba kwanon ya dawo ta wannan kafa, na sake karɓa, wannan karo sai da na tallafe shi da gefen mayafi saboda zafi. Tuwon gero ne da miyar kuɓewa. Matar ta yi godiya irin wadda ake yi wa maƙwabci, ba irin ta mai karɓar sadaka ba, ta zaunar da yarinyarta ta fara ba ta.

Na zagaya gidan tsohuwar da sunan gaisuwa. Ta ja ni bayan rumbu, ta yi ƙasa da murya. Ta ce gidajen da ke kewaye karɓa-karɓa suke yi, yau kwanon ya zo nan, gobe can, kuma ba wadda ke buɗe shi a gaban yara. Sannan ta ce, "Mun san mi ke ciki. Shekarar da munka rasa, haka nawa ya riƙa zuwa wurin uwar mijinta, har ta koma ga Allah ba ta taɓa nuna man ta sani ba. Abin da nika roƙonki, kada wayarku ta faɗa."

Na yi mata sallama na fito. Na yi shekaru ina koyar da mata yadda ake ciyar da yaro, ban taɓa ganin an ciyar da yaro an kuma rufa wa uwarsa asiri da kyau irin wannan ba. Ba na jin kunyar faɗa, na yi hawaye a hanyar komawa asibiti.

Na kwashe komai na gaya wa mai kula da manhaja. Ya ce zai iya ƙara zaɓi na huɗu, ciyayya, in shugabar binciken ta amince. Amma a ƙa'ida sai manhajar ta tambayi abin da ya fita daga gidan don ta cire shi daga lissafi. Na ce in ta tambaya za ta karanta amsar a bayyane, ka ga an gama. Muka yi ta ja. Shi yana kare lissafinsa, kuma yana da gaskiya, ni ina kare dangar kara. Can ya dafa goshi ya ce ai ma aikin manhajar tun asali shi ne auna abin da ya shiga bakin mutum, wanda ya fita daga tukunya ba ya ƙara wa yarinya jini ba ya rage mata. In an zaɓi ciyayya, tambayar wuta ba za ta ƙara cin karo da komai ba, kuma ba za a tambayi abin da aka aika ba.

Sabis a garin wuri ɗaya yake, kan wani tudu a gindin gawo, nan kowa ke zuwa kiran 'yan'uwansa. Gawo kuwa da damina ba ganye, don haka washegari da safe, bayan mun kwana a garin, mai kula da manhaja ya zauna a rana tsakanin masu jiran kiran 'ya'yansu daga kudu, kwamfuta a cinya, gumi yana zuba. Ya kira shugabar, ta saurara, ta yi tambayoyi, ta amince. Ina tsaye a kansa ina kallon yatsunsa. Mutum a kan tudu a bayan Kebbe ya taɓa wasu 'yan rubuce-rubuce, wai nan take duk wayoyin ma'aikatanmu daga Sanyinna har nan za su koyi sabuwar kalma da zarar sun sami sabis. Ni dai har yanzu abin bai gama zauna mini a kai ba.

Muka koma gidan da hantsi. Na tarar da tsohuwar da wasu maƙwabta mata biyu sun shigo, wai taya hira, amma na san abin da suka zo ji. Muka bi tambayoyin. Muryar ta tashi ta ce abincin da yarinya ta ci na ciyayya ne, in haka ne a dangwala yatsa. Matar ta saurara har ƙarshe, ta jira ko akwai saura. Babu. Ta fito da hannunta daga zane ta dangwala. Sannan muka yi nata. Da ƙyar ta nuna hoton, ragowar abin da yarinya ta bari ne, ko ƙaramar malmala bai kai ba, sai ɗan ruwan fura. Manhaja ta nuna ja, wannan kuwa ba ta karanta shi a bayyane, ni kaɗai na gani. Ja ba abin murna ba ne, amma ja na gaskiya ya fi mini alamar kuskure, domin da shi sunanta ya zauna, kuma a sahun farko.

Saura abu ɗaya. Garin kunun farko yana cikin jakata a asibiti, ina ta tunanin yadda zan ratsa gari da shi in shiga gidanta kowa yana kallo, bayan duk abin da ya faru. Ina cikin sallama sai ta ce baƙo ba ya barin garinsu bai ɗanɗana na gidanta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon nan, da murfinsa da faifansa, ta miƙo mini a gaban matan, idonta cikin nawa.

Na sa hannu biyu na karɓa. Na ɗan ranƙwafa. Na ce, "Kai, ƙanwata, kin sha wuta. Allah shi amfana." Tsohuwar ta kawar da kai tana gyara ɗankwali.

A ɗakin asibiti na buɗe shi ni kaɗai. Na zuba garin kunun, na jera ƙwan, na danna kifin yarana a kai har murfin ya ƙi zama sai da na ɗaure da ɗankwalina. Na mayar mata da shi da kaina ta kafar danga. Ma'aikaciyarmu ta ce sauran rabon ma haka za ta riƙa kawo shi, tare da maganin ƙarin jini, kuma za ta sa ido har a sauka lafiya.

Muka tsallake rafi, muka tarar da direba yana duban rana yana duban agogo. Mun wuce Kebbe da Tambuwal ba tsayawa, sai Dogon Daji inda mai kula da manhaja ya biya ni hocena. Muka shiga Sakkwato kafin magariba. Yara suka tare ni suna tambayar tsaraba, na ce an ci ta a hanya.

Na tafi ina mamakin na'urar da ta iya tsamo gida ɗaya cikin tarin gidaje ta ce a je a duba, kuma ba don ita ba da ba wanda ya san da matar nan a ofishinmu. Na dawo da wannan mamaki, da wani kuma da ya fi shi, na matan da suka riga mu sanin komai suka yi shiru suna cika kwano. Abin da na koya shi ne tambayar da za ka yi wa mutum kan abin da ya ci tana taɓa mutuncinsa, kuma wanda ya tsara tambayar ya kamata ya san wa ke bayan danga yana ji. Jiya mai kula da manhaja ya kira ni ya ce tuni ma'aikatanmu a wasu ƙauyukan suka fara danna ciyayya, gidaje da dama. Ban tambaye shi guda nawa ne kwanonsu ke fita wayam ba. Manhajar ma ba ta tambaya.